Matan Jos ku yi hattara da mai sayar da maganin wanke sinki a WhatsApp

Salam 'yan uwa, wallahi da na so in yi shiru amma jiya na ga matar nan ta sake ɗora talla a wani guruf ɗin mata, shi ya sa na ce bari in faɗa kar wata ta faɗa ramin da na faɗa.

Sinkin banɗakinmu na tangaran ne fari, to ruwan bohol ɗin unguwarmu yana da ƙarfe a ciki, daidai inda famfo ke ɗiga ya yi wani jan layi na tsatsa kamar an zubar da shayi, na yi ta zuba bilic abin ko gezau, ashe bilic ba ya cire tsatsa, ƙara kama ta ma yake yi. Sai na ga bidiyon matar, ta ɗiga ruwan ta goge sau ɗaya sinki ya koma fari tas, wai daga Dubai ake kawo mata. Na tura dubu 6 har da kuɗin kawowa, ɗan aike ya same ni a Terminus ya miƙo min leda. Da na buɗe, robar lemo ce aka cire takardarta, ba suna ba lambar NAFDAC ba komai, ruwa ne shuɗi an zuba masa turare. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni amma son banza ya rufe min ido.

Ta ce in zuba in bar shi ya kwana, da safe in dirje da soson ƙarfe. Tsatsar kam ta fita, gaskiya ɗaya ce. Amma ƙarfen ramin sinkin ya yi baƙi, famfon duk ya yi dabbare-dabbare, shi kuma sinkin ƙyallin nan ya tafi, in kin shafa hannu sai ki ji kaushi kamar ɓawon ƙwai. Mai gyaran famfonmu na shinshina robar ya kau da kai ya ce Hajiya ai asid ne wannan, irin wanda masu tayil ke wanke siminti da shi. Shi ya min bayani cewa ƙyallin tangaran wani siririn gilashi ne a sama, in ya karce shi ke nan, datti ya samu wurin zama. Sati 2 yanzu ya fi da muni.

Wanda ya fi tayar min da hankali ma ƙanwata, ba ta sani ba ta bi sauran ruwan da bilic, ga sanyin Jos duk tagogi a rufe, sai ga ta ta fito tana tari idonta jajawur tana hawaye. Asid da bilic in sun haɗu iskar kulorin suke fitarwa, guba ce.

Na kira matar ta ce wai ni ce ban iya amfani da shi ba, daga nan ta yi bulokin ɗina.

Sinkin ɗakin baƙi da ya rage lemun tsami da gishiri na sa masa, na bari kamar minti 30 na goge da soso mai laushi, sau 3 na maimaita tabon ya dushe sosai. Robar kuma tana nan na ajiye a sama inda yara ba za su kai ba, Baban su Ummi ya ce zai kai ta ofishin NAFDAC.