Dish na kyauta, dikodar wata-wata ko YouTube: wanne za ka saka a falo?

Kafin ka nufi kasuwa, zauna ka lissafa abin da mutanen gidanka suke kallo da gaske. A yawancin gidajenmu lissafin ba shi da tsawo: fina-finan Hausa masu dogon zango, fassarar Indiya-Hausa, wa'azi da karatun Alƙur'ani, katun na yara, sai labarai da ƙwallo na maigida. Tashoshi ɗari biyun da mai shago zai yi ta zayyano maka, da wuya a riƙa taɓa goma daga cikinsu a rimot. Hanyoyin da ake da su kuwa su ne dish na kyauta, dikodar da ake biya duk wata, YouTube da sauran manhajoji, sai shagon masu tura fim. A ganina gidan da ke da iyali, dish na kyauta ya kamata ya fara sakawa, sauran su biyo baya a matsayin ƙari.

Dalilin a fili yake: sau ɗaya ake biya. Ka sayi faranti da LNB (ɗan kan da ake ɗaurawa a gaban faranti yana kamo sigina) da wayar haɗi da risiba (akwatin da ke kai hoton talabijin), ka sallami mai saitawa, shi ke nan. Ko wata ya yi nisa allo ba zai ɗauke ba, kuma ba ruwanka da sabis ɗin waya. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, kyauta take zuwa ta tauraron Eutelsat 16A da ke digiri 16 gabas, kuma a nan ne aka san Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Akwai tashoshin wa'azi na Hausa irin su Sunnah TV da Manara TV, su ma ba a biyan ko kwabo. Wanda ya ƙara faranti na biyu ya juya shi Nilesat, digiri 7 yamma, zai samu Makka da Madina kai tsaye dare da rana, da MBC 2 da MBC Action masu fina-finan Amurka, da MBC Bollywood, da MBC 3 ta yara. Abin da ya sa nake yaba MBC 2 ga mai iyali shi ne suna yanke wuraren da ba su dace ba kafin su haska, ba sai uwargida ta yi ta laluben rimot a gaban yara ba. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Accra kuma, Astra da ke digiri 28.2 gabas ita ce tasu, mai ɗauke da tashoshin MultiTV.

Girman faranti shi ne wuri na farko da ake yin kuskure. Ga 16A, kada ka yarda da mai santimita 60 don ya fi araha. Ɗauki mai 90. A rani duka biyun za su nuna, amma da hadari ya haɗo ƙaramin ne zai fara daskarewa. Nilesat ya fi son babban faranti, kuma gwargwadon yadda garinku ya yi kudu, gwargwadon girman da za ka buƙata, don haka abin da ya yi wa ɗan'uwanka aiki a Maraɗi ko Katsina ba lallai ya yi maka a Lafiya ba. Tambayi maƙwabcin da nasa yake nunawa cikin damina, ka sayi irin girmansa.

Daga yankin Kano taurarin nan can sama suke, ta ɓangaren kudu: 16A ya karkata gabas, Nilesat ya karkata yamma. Katanga ba ta cika tare su ba; reshen darbejiya da ya yi wa faranti rumfa shi ne matsalar. A kafa shi a jikin bulo da kusoshin bango masu buɗewa, guda huɗu, a ɗaure tam. Wanda aka ɗora a kan kwanon rufi aka danne da duwatsu, iskar farkon damina ɗaya ta ishe shi.

Yanzu ga inda mai saitawa yake cin amanar mutane, kuma a nan nake so ka tsaya a kansa. A allon saiti akwai layi biyu, na ƙarfin sigina da na ingancinta. Na ƙarfi yana iya kai 90 cikin 100 ko da faranti yana kallon wani wuri dabam, domin abin da yake nunawa kawai shi ne LNB yana samun wuta. Na inganci shi ne magana. Mai gaggawa da ya ga hoto ya fito a kan 45 sai ya ɗaure noti ya miƙo hannu, kai kuma ba za ka gane ba sai ranar da aka fara yayyafi. Kada ka biya sai ingancin ya kai wajen 70, kuma ka sa ya murɗa LNB ɗin a hankali hagu da dama a cikin mariƙinsa, domin wannan murɗawar kaɗai tana ƙara maki da yawa. Bayan ya ɗaure notin a sake dubawa, don ɗaurin kansa yana gusar da faranti.

Wayar da ke haɗa faranti da risiba kuma, irin da ake kira RG6 ake so. Risiba tana tura wuta ta cikinta zuwa LNB, bolt 13 ga wasu tashoshi, 18 ga wasu. Idan wayar ta banza ce kuma ta yi tsawo, 18 ɗin ba ya isa can, sai ka ga rabin tashoshi sun ɓace alhali sauran suna nan garau, a ce maka risiba ce ta lalace. Je kasuwa da ɗan maganaɗisu. Idan ya kama zaren tsakiyar, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe; yana aiki a gajeren zango, amma kada a karɓi kuɗin tsantsar jan ƙarfe a hannunka. Feɗe bakin wayar ka ga saƙar da ke zagaye da ita: idan 'yan silili ne jefi-jefi, ajiye ta. A wajen haɗawa, ko silin saƙa ɗaya ya taɓa zaren tsakiya zai iya ƙona risiba, shi ya sa ba a cire waya ko a mayar da ita sai an kashe wuta daga soket. A naɗe mahaɗar waje da tef, a kuma bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwan sama ya ɗige a waje. Mai faranti biyu zai buƙaci ɗan makunnin DiSEqC mai haɗa su da risiba ɗaya, a saita kowane tauraro a lambar ramin da aka soka shi. Mantawa da wannan ne yake sa a ce “Nilesat ya ɗauke”.

Abin da dish na kyauta ba zai ba ka ba shi ne cikakkiyar gasar Firimiya ta Ingila. Wannan tana hannun SuperSport, wato DStv ko GOtv, kuma sun ƙara kuɗi a 2023, sun ƙara a 2024, sun sake ƙarawa a 2025. In don ƙwallo ne kawai, gidan kallo ya fi sauƙi. GOtv da eriya take aiki, idan ka yi nisa da gari sai haƙuri. StarTimes tana da sauƙin kuɗi, ana iya biyan na kwana ɗaya ko na mako, amma dai biya ne. Canal+ na mutanen Yamai da Damagaram ne masu jin Faransanci. Netflix kuwa fim ɗin Hausa a cikinta bai taka kara ya karya ba, ga shi ita da kanta ta ce hoto mai kyau yana iya cin 3GB a awa ɗaya.

YouTube ce kaɗai nake ɗauka a matsayin abokiyar tafiyar dish, domin a can masu dogon zango suka koma: Izzar So a tashar Bakori TV, Labarina a Saira Movies, da wasu da dama da ba sa zuwa talabijin sam. Matsalarta data ce, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Idan ka bar ta ta zaɓa maka ingancin hoto, sama za ta yi da kai. Shiga saiti ka tsayar da shi da hannunka: 360p yana cin kusan 300MB a awa, 480p kusan 500MB, 720p kuwa yana haura 1GB. A waya 360p ya wadatar, a talabijin mai inci 32 kuma 480p ba laifi. Gidan da ke bin shiri uku a mako, kowanne awa guda, zai ci wajen 6GB a wata a kan 480p. Sayi datar dare ka sauke a cikin manhajar, ga bidiyon da aka ba da damar saukewa, a kalla da rana. Kuma a kalla a tashar masu shirin. Akwai masu kwashe tsoffin fitowa su manna sabon hoto su rubuta cewa ci gaban wannan makon ne, ka ƙona data minti ashirin kafin ka farga.

Masu tura fim suna da ranarsu, musamman ga Indiya-Hausa, kodayake sau da yawa wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ba ya ganin ko sisi daga wannan ciniki. Idan za ka tura don kallo a talabijin, ka ce a ba ka MP4. Wani fayil ɗin MKV hoto zai fito babu murya, kuma filashin da aka yi wa fomat a tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ta fi cinye kuɗin mutane fiye da duk kuɗin wata da ake gudu. Memori da filash su ne kan gaba. A rubuta 64GB a jiki, waya ma ta nuna 64GB, alhali cikinsa bai wuce 4 ko 8 ba. Zai yi ta karɓar fina-finai kamar gaske, sai ka zo kallo ka tarar rabinsu ba sa buɗewa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a cika shi taf a shagon, sannan a buɗe fim na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a ja kowanne zuwa ƙarshensa. Mai kwamfuta ya yi amfani da manhajar gwajin memori mai suna H2testw.

Risiba ma haka. Sunan kamfanin Strong ya karɓu a kasuwanninmu, shi ya sa aka fi kwaikwayonsa. Ta jabu ba ta da nauyi, rubutun kwalinta yana dishi-dishi, tana zafi cikin rabin awa, kuma lambar samfurin da ke cikin allon bayananta ba ta dacewa da ta jikin kwali. Ko wace iri za ka saya, tabbatar tana da tsarin kama sigina na DVB-S2, tana karanta bidiyo mai tsarin H.265, tana da ramin HDMI da na USB, tana kuma iya laluben tashoshi da kanta ba sai an shigar mata da lambobi ba, domin tashoshi suna sauya mita lokaci-lokaci. Ramin USB ɗin ba ado ba ne: da shi uwargida za ta naɗi shirin da aka haska tana kicin, ta kalla daga baya.

Wanda ya ce zai sayar maka da risiba “mai buɗe komai”, har da tashoshin biya, kyauta na shekara guda, ka riƙe kuɗinka. Satar sigina ce, tana buƙatar intanet kullum, tana daskarewa daidai lokacin da kowa ya hau kallon babban wasa, kuma ranar da aka toshe ta ba ka da inda za ka kai ƙara. Haka ƙananan akwatunan Android marasa suna da ake rubuta wa 4K da 8GB: yawancinsu abin da ke ciki bai kai rabin haka ba, kuma a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu irinsu suna zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta. Kada ka shigar da adireshinka na Google a cikin irin wannan. Manhajar kallon fim da aka turo maka ta WhatsApp ko Telegram, wadda da ka saka ta sai ta nemi izinin karanta saƙonninka, goge ta nan take. Ta saƙon ne lambar sirrin banki take shigowa.

Talabijin ɗin kansa bai tsira ba. Ana harhaɗa allo a manna masa sunan babban kamfani. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: Samsung na zamani da manhajar Tizen yake aiki, LG da webOS. Idan aka kunna maka “Samsung” ka ga Android ya taso, ka san inda aka dosa. Je da tef ɗin awo, ka auna allon daga kusurwa zuwa kusurwa ban da firam: inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kuma 109. Sa a nuna maka farin hoto zalla da baƙi zalla, nan ɗigon da ya mutu da layin da ya fara fitowa suke bayyana. Araha ba ta ado.

Ga wuta, LED mai inci 32 da risiba tare ba sa wuce wat 60 zuwa 70. Batirin sola mai 100Ah, idan ba a zuƙe shi ya wuce rabi ba, zai riƙe su wajen awa takwas. Wanda yake kan NEPA ya saka abin kariya mai jinkirta wuta idan an dawo da ita, don dawowar ce take kashe kaya, ba ɗaukewar ba. Da an fara tsawa a zare filogi, a kuma kwance wayar dish daga bayan risiba. Rasit kuma a rubuta lambar jikin kayan a kansa, da kwanan wata, da tsawon garantin da aka yi maka alkawari da baki.