Gidan Naman Wagyu da Angus: Abin da Ya Cancanci Kuɗinsa da Wanda Bai Kai Ba

A manyan gidajen gasa naman shanu na ƙasashen waje, tun kafin ka zaɓi komai mai hidima zai zo da katako ɗauke da ɗanyen nama yanka huɗu ko biyar, yana nuna maka su ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya ka duba da kyau, domin da zarar sun hau wuta duk kamanninsu ɗaya ne.

Abin dubawa shi ne kitsen da ya ratsa cikin tsoka siriri-siriri kamar zare, ba wanda ya taru a gefe ba. A Japan ana auna ratsin Wagyu, wato naman shanun asalin ƙasar, daga 1 zuwa 12, kuma sai ya kai 8 ake ba shi daraja ta 5, wadda ita ce mafi girma. Harafin A da ke cikin lambar darajar A5 kuwa yawan naman da aka samu a jikin dabbar yake nunawa, babu ruwansa da daɗi. Naman Kobe, mai sunan wani birni a Japan, ma ba kowane Wagyu ba ne: sai shanun Tajima da aka haifa, aka kiwata, aka kuma yanka a lardin Hyogo. Mai sayar da na gaske yana da takardar shaida ɗauke da lambar dabbar mai alƙaluma 10, kuma ba zai ɓata rai ba don ka nemi gani. Wagyun Ostireliya yawanci ruwa biyu ne da Angus, wato irin shanu 'yan asalin Scotland, naman shanun Amurka mafi daraja shi ne Prime, na Ajantina da aka sani da kiwon ciyawa kuma kitsensa kaɗan ne amma ɗanɗanonsa ya fi ƙarfi.

A5 shi ya fi suna, shi ya fi tsada, amma ba naman ƙoshi ba ne. Loma uku na farko narkewa suke a baki kamar man shanu, daga nan maiƙo ya fara gundurar mutum. Giram 60 zuwa 100 ya ishi mutum ɗaya. Wanda ya zo cin nama da gaske ya nemi ribayi, wato yankan saman haƙarƙari, giram 300 zuwa 350, kaurin santimita 3 ko 4, wanda aka tsuma kwana 28 zuwa 35.

Tsumin nan shi ne ainihin gwanintar gidan. Ana ajiye naman a buɗe cikin ɗakin sanyi mai digiri 1 zuwa 3 a ma'aunin Celsius, iska na kaɗawa. Ruwa yana fita, ɗanɗano yana tattaruwa, zaruruwan tsoka suna saki. Bayan an fere busasshen ɓawon, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyin na iya tafiya, kai ne kuma za ka biya wannan asarar. In ya haura kwana 45 sai ya fara ƙamshin tsohon cuku, wanda ba kowa ke so ba.

Wajen dahuwa ne ake yawan yin ɓarna. Ribayi ya fi daɗi idan tsakiyarsa ta kai digiri 54 zuwa 57: waje ya yi ɓawo mai duhu, ciki ja-ja da ɗumi. Jan ruwan da ke tsorata mutane ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da sinadarin mayoglobin ya rina. Wanda ya ce a dafa masa filet, wato tsoka mai laushi ta gefen ƙashin baya, har digiri 71 ya yi asara, don filet ba shi da kitsen da zai cece shi daga bushewa.

Ka yanka ta tsakiya tukuna. Idan ka ga zobe mai kauri launin toka ƙarƙashin ɓawon, wutar ba ta yi ƙarfi ba, naman ya daɗe a kanta. Idan ruwa ya malale a faranti, ba a bar shi ya huta minti 5 zuwa 10 ba. Faranti mai ƙuna da man shanu na tsartsatsi yana burgewa, sai dai yana ci gaba da dafa naman. Ka ɗora yankan kan dankali don ya rabu da zafin. Wanda bai dahu sosai ba a iya mayar da shi wuta, wanda ya zarce kuwa sai dai a sake wani, kuma gidan kirki ba ya gardama a kan haka.

Mahaɗi ba wani abin a zo a gani ba ne: dankalin Turawa, alayyafo, ganye. Gishiri mai tsakuwa da masoro sun wadatar. Romon da ake zubawa a kai sau da yawa da giyar inabi ake haɗa shi, don haka mai kiyaye halal ya tambaya, ya kuma nemi shaidar yankan naman.

A kula da lissafi. Wagyu da tomahok galibi a kan giram 100 ake rubuta farashinsu, ba a kan faranti ba. Shi tomahok ribayi ne kawai da aka bar masa dogon ƙashi, kuma har da ƙashin ake ɗora shi a sikeli.