Kundin Calvin da Hobbes: aikin mutum uku a hannun mutum ɗaya

A cikin masu zanen barkwanci na jarida babu wanda nake girmamawa kamar Bill Watterson, shi ya sa da na ga cikakken kundin aikinsa ban yi wata-wata ba na saya. Juzu'i uku ne manya masu kaurin bango, cikin akwatinsu. An fara fitar da su a 2005, kuma sun tattara duk abin da ya zana wa jaridun Amurka daga Nuwamba 1985 zuwa ƙarshen Disamba 1995, zane sama da 3,000.

Labarin Calvin ne, yaro ɗan shekara shida mai ƙiriniya da baki, da abokinsa Hobbes. Idan manya suna wurin, Hobbes 'yar tsana ce ta damisa a yashe a gefe. Da zarar sun rage su biyu sai ka gan shi ya miƙe, damisa sosai, yana tafiya da ƙafa biyu yana mayar wa yaron magana. Watterson bai taɓa tsayawa bayanin wanne ne gaskiya ba, ya bar wa mai karatu.

Abin da ke burge ni shi ne mutum ɗaya ya riƙe rubutu da zane da ban dariya, ba wanda ya yi wa sakaci. Akwai inda Calvin ya tambayi mahaifinsa me ya sa tsofaffin hotuna ba su da launi. Uban, ko murmushi bai yi ba, ya ce masa ai duniyar ce kanta fari da baƙi a da, daga baya ta samu launi. Dariyar tana cikin maganar, amma fuskar yaron da yake ƙoƙarin haɗiye zancen ita ce ke ƙarasa ka. Haka in ya dawo daga makaranta, yana buɗe ƙofa Hobbes zai dira a kansa: takalmi a sama, littattafai a warwatse, ƙura ta tashi, da 'yan layuka kaɗan na tawada.

Shafuka masu launi da jaridu ke bugawa ranar Lahadi su ne suka fi cin moriyar girman takardar. Daga 1992 Watterson ya samu damar a ba shi rabin shafin jarida ya tsara yadda ya so, kuma za ka ga hannunsa ya sake bayan nan, dazuzzuka da sararin samaniya suna cika shafi. Akwai gabatarwa da shi kansa ya rubuta, kada a tsallake ta.

A lokacin, jaridu sama da 2,400 ne suke ɗaukar zanensa, amma ya ƙi yarda a mayar da Hobbes abin wasan sayarwa, duk da kuɗin da ke ciki. Yana ɗan shekara 37 ya ajiye aikin, tun ana marmarinsa. Wannan kamun kai yana ƙara masa ƙima a idona.

Kundin yana da nauyi, ya kai kusan kilo 10, ba a karanta shi a kwance sai a kan tebur. Wanda zai saya wa yara gara ya nemi bugun 2012 mai laushin bango, juzu'i huɗu. Da Turanci yake, kuma Calvin yana son manyan kalmomi, don haka ƙaramin yaro zai buƙaci babba a kusa.