Hoto ko rubutu: wanne ya dace da buhun shinkafa?

Hajiya, kin ce kina gyaran shinkafa a Auyo, kuma za ki fara zuba ta a buhunki na kanki. Mai zane ya kawo miki tambari iri biyu: ɗaya sunanki ne zalla da rubutu mai lanƙwasa, ɗayan kuma hoton zangarniya da rana da kogi da tsuntsu. Kina son sanin wanne za ki ɗauka.

Ki fara duba bakin mai saye. A kasuwar Gujungu ko Maigatari ba a cika kiran kaya da sunan kamfani ba. Uwa kan aiki yaro ta ce "sayo mini magi mai tauraro", magini ya ce a kawo siminti mai giwa. Ko ranar zaɓe, tsintsiya ko lema ido ke nema a takardar ƙuri'a kafin sunan jam'iyya. Hoto yana ba kaya sunan da wanda bai yi boko ba zai iya faɗa, ya kuma aika a sayo masa.

Rubutu zalla shi ma da ranarsa. Ya fi arha wajen bugawa, kuma sunanki ne ke yawo. Coca-Cola da rubutu ta tsaya tun shekarun 1880, amma talla ta fiye da shekara 100 ce ta dasa shi a idon duniya, ke kuwa yanzu za ki fara. Ga shi rubutu mai lanƙwasa in ya hau saƙar buhu, siraran layukan tsinkewa suke yi.

Don haka ni hoto na zaɓa miki, amma ba wannan da aka kawo ba. Abu huɗu a tambari ɗaya, "mai me" yaro zai ce? Zangarniya kuma ta cika buhunan shinkafa, ba za ta bambanta ki da kowa ba. Ki ɗauki abu guda da aka sani, kamar kwale-kwale tunda kuna bakin kogin Haɗeja, ko ƙwarya, ko fitila, sai gajeren suna da manyan baƙaƙe a ƙasansa. Launi ɗaya ko biyu ya isa, domin masu buga buhu kowane launi kuɗinsa daban.

Abin da na fi so ki kiyaye: kada sunan Allah ko aya su shiga tambarin. Buhu in ya ƙare shimfiɗa yake zama, ko a zuba masa taki. Ko ajami ne, akwai dattijon da ba zai so ganin harafin Larabci a ƙasa ana takawa ba.

Kafin ki biya, ki sa a yi miki hotokwafinsa baƙi da fari, ƙarami kamar hatimi. Ki kuma manna babban a bango, ki ja baya taku 20, ki kira yaro ki tambaye shi me ya gani. In ya yi jim kafin ya amsa, a koma a rage.

Rajistar suna a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare tambari. Tasa rajistar daban ce, a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Ta farko shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.