Yadda za a zaɓi takalmin da ba ya zamewa a jiƙaƙƙen daɓe

Mai sayen takalmi a kasuwar Wudil ko ta Maigatari yakan duba launi da ɗinki, amma ba kasafai yake kifa shi ya dubi ƙasansa ba, alhali nan ne ake gane ko zai riƙe ƙafa a wurin alwala ko a bakin rijiyar burtsatse. Abin da ke kayar da mutum shi ne ɗan ruwan da ke shiga tsakanin takalmi da daɓe, aikin tsagogin ƙasan takalmi kuwa shi ne su tura ruwan nan gefe domin roba ta samu ta kama ƙasa.

Saboda haka zurfin tsaga kaɗai bai isa shaida ba. Takalmin ruwa mai manyan haƙora, irin wanda manoman shinkafa ke sawa a fadamun Haɗejiya, yana kama laka sosai kuma taɓo bai cika toshe shi ba, amma a kan tayil ko siminti mai sulɓi kawunan haƙoran ne kawai ke taɓa ƙasa, don haka riƙonsa ya ragu. A irin wannan daɓe an fi son ƙananan tsagogi masu yawa, waɗanda suka gitta juna suka kuma ɓulle har gefe, domin zanen da yake rufe, kamar da'ira, tare ruwa yake yi maimakon ya sake shi. A duba dunduniya musamman, tunda ita ke fara sauka, kuma galibi daga nan santsi ke kwasar mutum.

Silifas mai arha yana da sauƙin ɗauka, sai dai zanensa yana saurin cinyewa, kuma da zarar ya shafe bai dace da banɗaki ba, balle ga tsofaffi da masu juna biyu. Takalmin fata mai shafaffen ƙasa a bar shi don sallar Juma'a da biki. Takalmin taya yana da ƙarko, muddin tayar da aka yanko da sauran zane a jikinta.

Kafin a biya kuɗi, a danna ƙasan da farce: robar da ta ɗan lotsa ta fi busasshiyar roba mai ƙyalli kama daɓe. Inda gansakuka ko ruwan sabulu ya kwanta kuwa, sai an goge wurin, domin ko takalmi mai kyau yana iya zamewa a kai.