Asibitin idon da aka ma ɗiyata aikin yanar ido, ga abin da na gani

Salam 'yan uwa, tunda mata da dama sun tambaye ni a WhatsApp yadda aikin idon ɗiyata ya kasance, bari in faɗa sau guda. Ɗiyata da yanar ido aka haife ta, duka biyu. Tun ranar suna na lura da wani fari-fari a tsakiyar baƙin idon kamar ɗigon nono, kakarta ta ce a sa tozali zai washe, muka zauna har wata huɗu, lokacin idon ya fara rawa ma. Wannan zaman shi ne ke cin raina har yau wallahi.

Lokotoron da ya duba ta a nan Damagaram bai ɓoye mana komi ba, ya ce Hajiya in ido biyu ne an fi son aiki kafin sati 8 zuwa 10, in guda ne kafin sati 6, don a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke koyon gani, in hoto bai isa gare ta ba sai ta saki idon ko an cire yanar daga baya. Ya zana mini a bayan ordonans har na gane. Nan kam na ba shi maki cikakke.

Aikin ya yi kyau alhamdulillah, amma ashe wahalar tana gaba. Ba su sa mata ƙwayar roba da ake sawa cikin ido a madadin wadda aka cire ba don ta yi ƙarama, sai luneti mai kauri kamar gindin kwalba, da igiya a ƙeya, tana fizgewa ina mayarwa. Idon hagu ya fi rauni, to kullum sai an liƙe na dama wasu awoyi don a tilasta ma hagun aiki, kuka kam maƙwabta a Birni sun sha shi.

Inda ban ji daɗi ba: lunetin daga Yamai aka yo odarsa, sati biyar muna jira alhali su da bakinsu suka ce kowace rana tana da lissafi. Abin liƙewar ma babu a farmasinsu, bandeji da filasta nake yankawa. Layi kuma in ba ka hau kabu-kabu tun asuba ba, sai azahar.

Randebu dai ba ma fashi, suna auna ƙarfin ruwan idon don gulokoma, ciwon da hawan ƙarfin ruwan kan jawo ya lalata gani, na iya biyowa ko bayan shekaru, wani sa'in ma hazo kan sake rufe wurin. Tauraro 4 cikin 5. Jiya ta bi cokali da ido har bakinta, ta cafke shi.