Zuƙa ko Haɗuwa: Me Ke Tarwatsa Farin Wadan Tauraro?

Masana taurari sun kasu biyu kan abin da ke jawo fashewar farin wadan tauraro, wato ƙaramin ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare. Wasu na ganin wadan yana zuƙar iskar gas ne daga tauraron da ke maƙwabtaka da shi, har nauyinsa ya kusan kai ninki 1.4 na nauyin rana, iyakar da masanin taurari Chandrasekhar ya gano, sai kabon ɗin cikinsa ya kama ƙuna. Wasu kuwa sun ce wadanni biyu ne ke kewaya juna har su haɗe. A ganina hujjar na biyun ta fi ƙarfi a wasu fashe-fashen, domin in zuƙa ce, maƙwabcin zai tsira a gan shi, amma da aka duba tsakiyar ragowar wata irin wannan fashewa mai suna SNR 0509-67.5 da madubin hangen nesa na Hubble, ba a tarar da shi ba.